Raino Ba Ya Sayuwa A Kasuwar Jibiya

Ran Lahadi da la'asar sakaliya, sa'ad da kasuwar Jibiya ta fara watsewa, magidantan Bugaje su kan kamo hanyar gida, kowa da ɗan abin da Allah ya hore masa. Wani ya sayo gishiri da manja, wani takalmin salla, wani kuwa a ƙasan buhunsa akwai 'yar motar roba ta ƙasar Sin, mai batir, wadda in an taɓa ta sai ta ƙifta fitilu ta ɓarke da waƙa cikin wani harshe da ba mai jinsa a garin. Da isarsa gida ya miƙa wa ɗansa ɗan shekara biyu, ya tsaya ya ga yaron ya washe baki, sa'an nan ya juya ya nufi majalisa zuciyarsa fari fat, yana ganin yau kam ya sauke nauyin uba. Kafin Laraba batir ya mutu, kafin Juma'a ƙafar motar ta fita. Yaro ya dinga kuka, uwa tana fama da tuƙin tuwo, sai ta ɗauko waya ta kunna masa fim ta jingina da randa. Nan take gida ya yi tsit. Wannan shirun shi ne abin tsoro, amma shi a ke yaba wa, har a ce yaron nan ba shi da rigima.

Mutane sun rabu uku kan wannan al'amari. Akwai masu alfahari da cewa ɗansu bai iya magana ba tukuna amma ya san inda a ke latsawa fim ya fito, suna ɗaukar wannan alamar ƙwaƙwalwa. Akwai dattawa masu tsine wa waya safe da yamma, kamar ita ta shigo gidan da ƙafarta. Akwai kuma 'yan boko masu cewa magani shi ne littafi, a saya wa yaro littafi kawai a huta. Dukansu uku sun taru a kan kuskure ɗaya, watau sun zuba ido ga abin da ke hannun yaro, sun manta da tambayar wa ke zaune kusa da shi.

Gama yaro ba ya koyon magana kamar yadda tulu ke cika da ruwa. Ya kan koye ta ne bisa musaya. Ya yi gwaranci, uwa ta amsa. Ya nuna akuya, a ce masa ga akuya can, me ta ke ci. Ya kwaikwaya ya kuskure, a yi dariya a gyara masa. Ungozomar ƙauye ta san wannan tun kafin a rubuta shi, amma tun da ya ke yanzu ba a yarda da magana sai an ce Bature ya auna, to, an auna. Cikin shekarar 2003 wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka suka tara jarirai 'yan wata 9 waɗanda ba su taɓa jin Sinanci ba. Aka zaunar da waɗansu gaban mutanen Sin sau 12 cikin kamar mako huɗu, suna yi musu wasa suna buɗa musu littattafai. Waɗansu kuwa aka nuna musu mutanen nan dai, da maganar nan dai, amma cikin bidiyo. Da aka gwada, na farko sun iya rarrabe sautukan Sinanci waɗanda kunnen Ba'amurke ba ya rarrabewa. Na bidiyo kuwa ba su tsinci kome ba, sai ka ce ba su halarta ba. To, in jariri bai ɗauki sautin harshe daga fuskar mutum a gilashi ba, me a ke tsammani zai ɗauka daga fim ɗin Indiya da aka fassara don manya?

Sai batun abin wasa, wanda ya kamata a daɗe a kansa, domin nan ne kuɗin talaka ke zurarewa ba ya sani. Wata malama kuma, Anna Sosa ta Arizona, ta ba iyaye 26 masu yara 'yan wata 10 zuwa 16 kayan wasa iri uku, ta ɗauki muryoyinsu cikin gidajensu, aka buga sakamakon a 2016. Sa'ad da a ke wasa da abin batir mai magana da kansa, babba ya kan furta kalma kamar 40 cikin minti ɗaya. Da abin wasa maras murya, kamar 56. Da littafin hotuna, kamar 67. Gidaje 26 ba su da yawa, gaskiya ne, kuma ba na Bugaje ba ne. Amma dalilin a fili ya ke, ba sai an ƙetare teku ba: in abin wasa ya karɓe magana, babba sai ya yi shiru ya zama ɗan kallo.

A dubi motar kara. Ba a sayen ta, yin ta a ke yi. Bayan girbi yaro ya bi wansa gona, a zaɓo karan dawa mai kauri, a fere ɓawon, a yanka totuwa, a nemo sakaina ko tsohon silifa a yi ƙafafu. Cikin wannan aiki na yini guda ƙaramin ya ji sunan kowane abu, ya ji riƙe nan, saki can, ya yi tsawo, ya karkace. An zage shi, an yabe shi, an aike shi. Da motar ta ƙaru kuma ba ta da murya sai tasa. Shi ne injin, shi ne ƙaho, shi ne kwandasta mai kiran Katsina, Katsina, saura mutum ɗaya. Haka 'yar tsana. Yarinya ta samo ƙashi ko kara, ta roƙi ƙyalle wurin Inna, ta yi mata kitso, ta goya ta, ta yi mata faɗa da irin muryar da a ke yi mata faɗa. In an tashi auren 'yar tsana kuwa, unguwa duka ta shiga: a yi gara da kaskon laka, a yi jere, manyan mata su ba da shawara suna dariya. Yarinya 'yar shekara huɗu ta fito daga wannan wasa ta san kalmomin biki da na zumunta fiye da yadda wani fim zai koya mata cikin shekara. Abin da ya ba waɗannan kayan daraja shi ne rashin cikarsu. Beben abin wasa shi ke sa mutane magana. Wanda aka sayo da tsada ya zo a gama, bai bar wa yaro aiki ba, bai bar wa babba dalilin tsugunawa ba.

Amma kada a yi wa zamanin da ƙarya. Masu cewa iyayen da su ne ke zama suna wasa da 'ya'yansu, ko dai sun manta, ko ba a ƙasar Hausa suka tashi ba. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗan farinta, uba ba ya ɗaukar ɗansa gaban surukai, kuma a inda jinin Fulani ya ke da ƙarfi kunyar ta fi haka tsanani. Duk da wannan yaro bai rasa abokin magana ba, domin al'ada da ta ɗaure bakin uwa ta kwance na kaka. Ita ce mai ce wa jikanta namiji angona, ta ce wa macen kishiya, a yi ta zolaya har yaro ya koyi mayar da magana. Ga gwaggo, ga yaya, ga matan gida, ga uwar goyo. Da dare kuma a taru ɗakin tsohuwa. Ita tatsuniya ba ta farawa sai masu sauraro sun amsa, kuma mai yin ta tana kallon fuskokinsu: in ta ga tsoro ya yi yawa ta sassauta wa Dodo, in ta ga barci ta jawo Gizo da Ƙoƙi. Kacici-kacici kuwa dole yaro ya ba da amsa, ko ya ba da gari. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi littafi uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Allah ya saka musu. Sai dai abin da takarda ta iya riƙewa labarin ne. Amsawar ba ta shiga ɗab'i.

Wannan tsari shi ne ya tsage, kuma ba waya ce ta fara tsaga shi ba. A ƙasar Jibiya shekarun 'yan bindiga sun kashe dandali, gama ba mai barin ɗansa waje bayan isha'i. Ƙauyuka sun tashi, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka kwararo garin Jibiya a 2022 suka sauka a makaranta. Babban gida ya watse, kaka tana wani gari, jika yana wani. An rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Kowace rufewa ta kori waɗansu magidanta zuwa ci-rani. Abin da ya rage cikin ɗaki sau da yawa shi ne mace ɗaya, da 'ya'ya uku ko huɗu, da surfe, da ɗiban ruwa, da 'yar sana'a. Kunyar nan ta gado tana nan ba ta tafi ba, masu cike gurbinta ne suka tafi. Cikin wannan gurbi waya ta zauna. Wanda ya ɗora laifin a kan matar nan, lalle bai taɓa tuƙa tuwo da yaro riƙe da zanensa ba.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba ta daɗe ba ta kai kowane lungu. A Satumba 2021 gwamnati ta sa aka yanke sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Jibiya. Mai tsine wa waya ya iya zaton a watannin nan tatsuniya ta dawo. Ina! Fim ba ya bukatar sabis. Yana cikin memori, mai turi yana nan a shagonsa kusa da mai caji, ya cika maka kati da kuɗi kaɗan. Ko da ma an kwashe wayoyin duka an zuba rijiya, wannan ba zai komo da kaka daga gudun hijira ba, ba zai taso uba daga teburin mai shayi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararta a Afrilu 2019: jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban gilashi sam; daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Masu yaɗa wannan shawara su kan tsaya nan, su bar rabinta na biyu, alhali kuwa shi ne mai amfani: ta ce lokacin zaman yaro a cika shi da karatu da ba da labari tare da mai rainonsa. Hani kaɗai ba ya raino. Har wa yau ba kowane amfani da waya ne ɓarna ba. Uban da ke Legas ko Agadas ya kira, a kara wa yaro a kunne, ya ce wa ke nan, yaro ya ce Baba, wannan musaya ce ta gaskiya. Uwa ta nuna wa 'yarta hoton bikin ƙanwarta tana faɗa mata wannan wance ce, wannan wane ne, ta mai da wayar littafi. Wayar da ta fi cutar yaro ma sau da yawa ba wadda ke hannunsa ba ce, wadda ke hannun babba ce: yaro ya jawo riga sau uku yana nuna ƙadangare, ba a ɗago kai ba, ran nan sai ya daina nunawa.

To, saura 'yan littafi, kada su yi murna da wuri. Littafi ba laya ba ne da za a rataya wa yaro ta yi aiki da kanta. Wanda aka jefa wa ɗan shekara biyu aka tafi, sai ya ɗanɗana shi ya yage, kuma bai yi laifi ba. Abin da ya sa littafin hotuna ya zo na ɗaya a gwajin can, shi ne ba ya aiki sai da babba: dole a ɗora yaro a cinya, dole a nuna, dole a tambaya. Saboda haka nema rashin karatun uwa ba hanzari ba ne. Hoton rago ba shi da boko ba shi da ajami. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya cewa ga zakara, ina jelarsa, yaya ya ke cara, ta kuma fi malamin da ke karanta baƙaƙe bai dubi yaron ba.

Amma ina littafin? Nan ne hukuma ke da abin amsawa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya. Gasar 1933 ta haifi Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 tana ciyar da Yaƙi da Jahilci da ƙananan littattafai. Aiki ne babba, amma kusan dukansa don ɗan makaranta ne da babban da ya koyi karatu da girma. Ko shirin RANA da aka soma a Katsina da Zamfara wajen 2015, littattafansa na Hausa na 'yan firamare ne. Ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, wanda harshensa ke tsirowa, shi ne maraya a wannan fage. Mutum ya zaga rumfunan kasuwa zai sami motar batir iri-iri, da bindigar roba, abin takaici a ƙasar da ta ga ta gaske. Amma littafi mai kwali mai ƙarfi, mai hoton rumbu da jaki da turmi, da Hausa, a farashin da manomi zai iya, sai an sha wuya. Ko a cikin Magana Jari Ce ma akwai abin lura. Akun nan da ya tsare Musa ɗan Sarki da labarai sa'ad da uban ya tafi yaƙi, ya ci nasara ne don yana duban yaron, ya san lokacin da hankalinsa ya koma ƙofa, ya sake wani labari daidai da halin da a ke ciki. Akun aljihu na yau yana zuba ne kawai, ko da mai sauraro ko babu.

Wani mai hankali zai ce, a ƙasar da yunwa ke kashe yara, wannan magana ta ƙoshi ce. Hujjarsa ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 suka mutu saboda tamowa a asibitocin da ta ke aiki a Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Ba mai cewa wasa ya maye gurbin abinci. Amma amsar ta fito ne daga cikin matalauta, ba daga gidajen masu kuɗi ba. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Waɗansunsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sa'a ɗaya kowane mako har shekara biyu. Aikinta ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasa na gida da 'yan littattafan hotuna. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka buga a 2014 cewa abin da su ke samu wajen neman abinci ya fi na 'yan'uwansu da ba a yi wa wannan ziyara ba da kashi 25 cikin ɗari. Watau yaron da yunwa ta taɓa shi ya fi kowa bukatar a yi masa magana, domin an riga an ci shi bashi ta gefe ɗaya.

Wanda ya fi kowa lokaci a gidan Bugaje, in yana gari, shi ne maigida, kuma shi ya fi kowa hanzari. Ya ce wasa da yaro aikin mata ne, yana jawo raini. A tambaye shi daga ina ya samo wannan. Ba daga addini ba dai. Ya tabbata cikin ingantattun hadisai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauka. Ya kan zolayi ƙanen Anas ƙarami yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa. Da Akra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba a yaba masa ba, gargaɗi ya samu kan rashin jinƙai. Nana A'isha ma ta yi wasan 'yar tsana da ƙawayenta a gidansa bai hana ba. Mutumin da ya iya zama sa'a uku yana gardamar siyasar Abuja da ƙwallon Ingila, bai iya cewa ba shi da minti goma sha biyar tsakanin magariba da isha'i na feƙe kara da ɗansa. In kunyar ɗan fari ce ta hana, ai akwai na biyu da na uku, akwai kuma ɗan ƙanensa. Shi ma ƙanen ya ɗauki nasa, kamar yadda a ke yi tun asali.

Abin da ya rage na hukuma ba mai tsada ba ne. Matan karkara sun riga suna taruwa ranar awo da ranar rigakafi, su zauna kan benci sa'o'i da yara a cinya suna jiran layi. A nan ya kamata a sami mace ɗaya da aka horar, da kwandon gwangwanaye da murafun kwalba manya da ƙyallaye masu tsabta, ta nuna yadda a ke mai da su abin wasa, yadda a ke amsa gwarancin jariri. A nan ya kamata kowace uwa ta karɓi littafin hotuna na Hausa tare da katin rigakafi, mai shafi takwas ko goma, wanda za a buga a Zariya ko Kano, a ce mata nata ne, ta kai gida, in ya yage ba za a tuhume ta ba. Limaman Juma'a na ƙasar Jibiya kuma su ba maza labarin Umama da na Akra'u, gama su matan ba su ne ke cika sahu ba. Mai gari ya sa baki a nemo tsofaffin da hijira ta jefo garin, waɗanda ke zaune a zaurukan mutane ba aikin yi, a haɗa su da yaran unguwa da yamma tun da sauran haske, cikin gida ɗaya mai katanga.